Yadda Ake Karrama Masu Taimako a Zauren Masu Rubuta Manhaja

Duk wanda ke zauren masu rubuta manhaja a WhatsApp ko Telegram ya san wannan matsala: mambobi ɗaruruwa, amma masu amsa tambaya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ranar da suka gaji, zauren ya mutu.

Stack Overflow, da aka buɗe a 2008, da maki yake riƙe irin waɗannan mutane. Idan wani ya yaba amsarka, ka samu maki 10. Idan mai tambayar ya tabbatar ita ta warware masa matsala, ka samu 15. Da ka kai maki 2,000, kana iya gyara rubutun wasu kai tsaye.

Sai dai kyauta ma tana iya ɓata aiki. A gasar Hacktoberfest ta 2020 an yi alkawarin riga ga wanda ya tura gyara 4 a GitHub. Nan take aka cika manhajojin mutane da gyaran banza, har aka sauya ƙa'ida.

Don haka, kai mai kula da zaure a Kano, kada ka ƙirga yawan saƙo. Duk wata, tambayi mambobi amsar wa ta fi amfanarsu. Ambaci sunansa, saya masa data, ko ka tura shi wurin mai neman ma'aikaci. A marinar Ƙofar Mata ma, kyan rini ake dubawa, ba yawan tsoma zane ba.