Daga Kasuwar Gujungu Zuwa Ajin Zane

Ranar wata Lahadi da hantsi, a layin 'yan kaba na kasuwar Gujungu, na tsaya kusa da wata dattijuwa da ta baje fayafayanta a kan buhu. Wata mata ta durƙusa ta ɗauki ɗaya, ta juya bayansa, ta bi bakinsa da babban yatsa, sannan ta ɗaga shi ta karkata kai.

"Iya, ai jan nan ya cinye koren. Kuma bakin bai kwanta ba."

Dattijuwar ta karɓa ta duba. "Gaskiyarki 'yar nan. Ɗinkin jikata ne, hannunta bai faɗa ba tukuna. Ga nawa." Ta zaro wani daga ƙasa. Sai da suka ɗan jima suna maganar inda ya kamata baƙi ya shiga tsakanin ja da kore, da yadda galura ke kama kaba idan ta bushe sosai, kafin aka zo batun kuɗi.

Makonni kaɗan kafin nan na zauna a bayan wani ajin zane, a wata kwaleji da ke wajen jiharmu. Ɗalibai sun haura arba'in. An ɗora bokiti da kwalba da lemo biyu a kan tebur, aka yi awa biyu ba ka jin komai sai ƙarar fensir. Wasunsu hannu ya faɗa ƙwarai, ka rantse hoto aka ɗauka. Da lokaci ya cika malamin ya ɗaga aikin wani saurayi ya tambaye shi me ya sa ya duhunta wannan gefe ya bar wancan. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ake yi, Malam." Aka juya ga sauran ajin, me suka gani? Amsa ɗaya ta fito daga bakuna da yawa: "Ya yi kyau."

Tun ranar abin yake cina a rai. Matan nan biyu na kasuwa ba su taɓa shiga sitidiyo ba, amma sun kalli aiki, sun faɗi inda ya gaza da dalilin gazawar, mai kayan kuma ta amsa ba tare da ɓacin rai ba. Wannan shi ne darasi mafi tsada a karatun zane-zane, kuma shi ne wanda ɗalibanmu suka fi fita babu. Muna horar da hannu, mu bar ido da harshe da tunani su yi ta kansu.

Ga dalilin da ya sa abin ya shafe mu a nan Taura da Ringim da Jahun. Ɗalibin da ya yi shekara uku ya karɓi shaidar malanta ta NCE, a Gumel ne ko a Kano ko Zariya, a ƙarshe gaban yaranmu zai tsaya. Tun da aka shigar da darasin al'adu da fasahar ƙirƙira cikin manhajar shekara tara ta ilimin farko, kowace firamare na buƙatar mai koyar da shi. Zai tarar da aji cike maƙil, babu fenti, babu kwali, wani lokaci allin ma sai ya saya. Idan iyakar abin da ya iya shi ne kwafar bokiti, to zai zana bokiti a allo ya ce a kwafa. Haka abin zai yi ta gado.

Wanda ya san tarihin makarantar zane ta Zariya ya san ba da shiru aka gina ta ba. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyarsu, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu galibi daga Ingila suke, suna koyar da zane yadda aka koya musu a can. Yaran suka riƙa zama bayan darasi suna muhawara: me za mu ɗauka daga Bature, me za mu ɗauko daga gida? Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, wanda mahaifiyarsa ta iya. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma har gobe ana shan ruwan rijiyar da suka haƙa, kuma da baki suka fara haƙa ta kafin buroshi.

To wace rijiya ce tamu? Aikin aji na farko da nake so in ga kowane malamin zane ya bayar shi ne ya tura ɗalibansa kasuwa, su bar wayoyinsu a aljihu, su tafi da littafi da fensir. Kowa ya zaɓi sana'a ɗaya: masu ɗinkin hula, dukawa, masu sassaƙar ƙwarya, masu tukwane, masu tabarma. Ya zano ado goma da hannunsa, kuma kowane ado ya zo da sunansa, da inda ake sa shi, da abin da gwanin ke kira kuskure a cikinsa. A nan ne aikin yake. Zana adon abu ne mai sauƙi, samo sunan kuwa sai ka iya gaisuwa. Sai ka durƙusa ka ce, "Baba, sannu da aiki, ni ɗalibi ne, ilimi na zo nema," ka jure a ja maka rai, ka san lokacin da ciniki ya zo ka ja gefe. Yaron da ya iya fitar da magana daga bakin dattijon da ke tsakiyar aikinsa ya koyi abin da babu lacca da za ta koya masa.

Sunayen kuwa suna nan jibge. Babbar riga kaɗai tana da aska biyu da aska takwas da tambari da gidan biyar. David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, shekaru ya kwashe yana bin masu zanen riga da maɗinka yana rubuta irin waɗannan sunaye, har ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Yana yi mini ciwo in ga ɗalibin da kakansa ke sa rigar bai san sunan adon da ke ƙirjinta ba.

Idan sun dawo, kowa ya tsaya gaban aji minti biyar ya yi bayani. Sannan a ba su kashi na biyu, wanda shi ne na ƙirƙira: ɗauki ado ɗaya ka fitar da shi daga gidansa. Mai da shi tambarin buhun riɗi, ko takardar kwalbar zoɓo, ko allon da zai nuna wa wadda ba ta karatu ƙofar awon ciki a asibiti. Sharaɗi ɗaya zan sa, ban da dagi. Ba don ba shi da kyau ba, sai don ya zama mafakar rago. Duk wanda aka ce ya yi abin gargajiya sai ya manna dagin Arewa a tsakiya ya huta. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ƙadangaru da kifayen da take tsagawa a jikin tulunan Gwari ta ɗauko, ta sake musu zama a kan sabon yumɓu da sabuwar wuta. Abin gida ne, amma sai da ta yi tunani a kansa.

Malamai kan yi kukan rashin kayan aiki, kuma kukan gaskiya ne, hukuma ba ta da uzurin barin sitidiyo babu ko takarda. Sai dai akwai darasin da rashi ke koyarwa idan malami ya shirya shi da gangan. A makarantar Bauhaus, wadda aka buɗe a Jamus a 1919, Josef Albers yakan shigo wa sababbin ɗalibai da tarin tsofaffin jaridu, ya ce su fitar da wani abu daga ciki, in da hali ba gam ba almakashi, ya fice. Ɗaya daga cikin ɗalibansa ya ba da labarin yadda ya dawo ya wuce jiragen ruwa da dodannin da aka ƙera, ya ɗauki takardar da wani ya ninke kawai ta tsaya da ƙafarta, ya nuna cewa wannan ne ya fahimci halin takarda. Mu kuwa ga kaba, ga karan dawa bayan girbi, ga yumɓun fadamar kogin Haɗejiya, ga gawayi. A ba ƙungiyar mutum huɗu kara ashirin da igiyar rama, a ce su gina abin da zai ɗauki bulo ɗaya. Za su yi gardama, ginin zai faɗi, su sake. Malami ya riƙe bakinsa.

Akwai wani wasa da ba ya cin ko sisi. Ɗalibai biyu su zauna baya da baya. Ɗaya na riƙe da hoto ko hula ko ƙwarya, yana siffantawa da baki, ɗayan na zanawa bai gani ba. Idan aka haɗa zanen da asalin, dariya kan ɓarke, amma a cikin dariyar mai bayani ke gane cewa "wani abu haka a gefe" ba magana ba ce. Ina ba da shawara a fara yi da Hausa, a maimaita da Turanci, tunda da shi za a rubuta jarrabawa. Mai cewa Hausa ba ta da kalmomin launi bai saurari mata a wurin mai atamfa ba: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan hoda, ruwan zuma, ruwan makuba, algashi. Bai kuma tsaya wurin masu dawaki ana rarrabe akawal da kili da hurde da danda ba. Ido ne ya ga bambancin, harshe ya sa masa suna.

Mafi wuya shi ne zaman tankaɗe da rairaya, inda ake manna ayyuka a bango a tattauna su. A nan tarbiyyarmu ke shiga tsakani, kuma ba na ganin laifinta. An rene mu a kan kunya da kara. Ba ka kushe aikin ɗan'uwanka a bainar jama'a, ba ka ja da malami, mace kuma ta fi kowa jin nauyin ɗaga murya cikin maza. Malamin da ya ce "ku soki aikin nan" ya nemi abin da ba zai samu ba, in ma ya samu to gaba ce za ta biyo baya a ɗakin kwana. Hanyar ita ce a raba gani da hukunci. Edmund Feldman a Amurka ya jera matakan tun 1970: a fara da faɗin abin da ke wurin, sannan yadda aka haɗa shi, sannan ma'anarsa, hukunci can ƙarshe. Abigail Housen da Philip Yenawine, wanda ya shugabanci sashen ilimi na gidan adana zanen zamani na New York, sun taƙaita nasu a tambaya uku: me ke faruwa a nan, me ka gani da ya sa ka faɗi haka, sai kuma me. Ta biyun ce zuciyar abin, domin tana tilasta mutum ya nuna da yatsa. Faɗin "layin nan ya ja idona zuwa kusurwa" bai saɓa wa kunyar kowa ba. A rufe sunayen masu aikin, a hana "ya yi kyau" a rubu'in awa na farko, a zagaya kowa ya faɗi abu ɗaya wanda na gabansa bai faɗa ba.

Ga kuma ajin da Allah ya ajiye mana a Birnin Kudu, ƙasa da tafiyar awa guda daga Dutse. A jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu na mutanen da, wasu shanun ma ba su da tozo, kusa da su kuma akwai duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa. Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. A kai ɗalibai can, a yi musu tambayoyin nan uku. Babu amsa a bayan littafi, don haka dole kowa ya kafa hujja da abin da idonsa ya gani.

Na san akwai iyaye da ɗaliban da zuciyarsu ba ta kwanta da zana mai rai ba. Wannan damuwa ce ta addini, a girmama ta, kada a mai da ita abin ba'a a aji. Filin da ya rage yana da faɗi: zayyanar allon sauka, adon bangon soro, rubutu, rini, saƙa, tsarin tambari. Duk abin da na ambata a sama ana iya yinsa a ciki.

Sai maganar maki, wadda in ba a taɓa ta ba sauran duk shan iska ne. Muddin aikin ƙarshe kaɗai ake dubawa, za a ci gaba da samun masu kai wa mai fentin bakin titi ya yi musu. A ware kaso mai tsoka ga littafin gwaje-gwaje, inda ake ganin tunani goman da aka zubar kafin a tsaya kan ɗaya, wani kason kuma ga bayanin baki.

Na koma ajin zanen nan na kwaleji bayan wata biyu, domin malamin mutum ne mai son gyara, kuma ya gwada zagayen faɗin abu ɗaya. An manna wani zanen gawayi na rumfar kasuwa. Layi ya zo kan wata ɗaliba da ke can ƙarshen benci, wadda ya ce mini bai taɓa jin muryarta ba tun farkon zango. Ta daɗe tana kallo, har na gaba ya fara gyara murya. Sai ta miƙe ta je gaban zanen, ta sa yatsa a ƙasan rumfar.

"Allah gafarta Malam, inuwar nan ta azahar ce, ga ta a gindin rumfa. Amma ta mutumin nan ta miƙe kamar ta la'asar."

Wani saurayi daga tsakiyar aji ya taso, ya manta an rufe sunaye. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce rumfar ya zana ranar Lahadi, mutumin kuwa sai ranar Talata ya ƙara shi. Ya tambaye ta wacce za ta bari in ita ce. Ta ce ta la'asar, don ita ce ke nuna kasuwa ta fara watsewa.