Tsutsar Hanta da Taswirar Ruwayen Gombe

Duk mahaucin da ya daɗe yana fiɗa a mayankar Gombe ya san irin hantar da malamin dabbobi kan ware ya hana a sayar, wadda ta yi tauri, hanyoyin matsarmamarta suka kumbura suka yi fari, in an tsaga sai ga tsutsa shimfiɗaɗɗiya mai siffar ganye. Masana na kiranta Fasciola gigantica, kuma al'amarinta akwai abin mamaki, domin ba ta da ikon tashi daga wata saniya zuwa wata sai ta bi ta cikin ƙaramar katantanwar ruwa: ƙwanta ya fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga katantanwa ya hayayyafa, sa'an nan ya fito ya manne a ciyawar bakin fadama yana jiran mai kiwo.

Saboda haka wanda ya yi nufin zana taswirar haɗarin wannan cuta, lalle ruwa zai bi, ba garke ba. Tun da aka datse kogin Gongola a Dadin Kowa cikin 1984, ga kuma madatsar Balanga, aka sami ruwa kwance wanda ba ya ƙafewa, alhali kuwa da rani, sa'ad da daji ya bushe, can ne makiyaya ke gangarawa da dukiyarsu, a daidai wurin da katantanwa ta fi yawa. Namun daji ma ba su tsira ba, gama ɓauna da gwanki, irin waɗanda ke Yankari a maƙwabciyarmu Bauchi, suna iya ɗaukar tsutsar matuƙar sun haɗa mashaya da shanu, kuma babu mai kama ɓauna ya ɗura mata magani.

Turawa sun ga ishara a kan wannan. Wata babbar tsutsa 'yar asalin Amurka ta Arewa ta shiga Italiya a ƙarni na 19 cikin hantar barewin da aka kai wani gandun sarauta kusa da Turin, an bayyana ta a 1875, yau kuwa irinta ta bazu cikin barewin fadamun kogin Danube, har ma'abota ilmi na haɗa bayanin ruwa da laima da hanyoyin dabbobi don su san inda za ta ɓulla gaba.

Mu a nan, a ganina, hujjar farko tana hannunmu, muna zubar da ita kullum safiya. Da za a riƙa rubuta kasuwar da aka sayo kowace saniya mai ruɓaɓɓiyar hanta, da inda ta yi rani, da watan da aka yanka ta, da cikin 'yan shekaru hukumar dabbobi ta san fadamun da ya wajaba a tare da magani kafin shanu su sauka, da waɗanda gina rijiya da kwamin shayarwa kaɗai zai wadatar.