Idan Kwamfuta Ta Suma Alhali Mai Ita Yana Nesa

Duk mai waya ya san maganin farko idan ta sanƙare: a danne maɓallin gefe, a kashe, a kunna. To idan na'urar ba ta hannunka fa? Manyan kwamfutocin da ke riƙe da asusun banki da masu isar da saƙonnin WhatsApp, waɗanda ake kira saba, suna jibge ne a wasu gine-gine masu sanyi, sau da yawa a wata ƙasa, kuma injiniyan da ke kula da su yana iya shekara bai sa su a ido ba.

Muddin kwamfuta na cikin hayyacinta, aikin ba wuya: a aika mata umarni ta intanet, ta rufe ayyukanta, ta sake tashi. Inda gizo ke saƙar shi ne, manhajar da za ta karɓi umarnin ita ce ta suma, wanda ya suma kuwa ba a ce masa ya yayyafa wa kansa ruwa.

Shi ya sa masu ƙera saba ke dasa wata 'yar ƙaramar kwamfuta a cikin babbar, mai manhajarta daban da layin sadarwarta daban, wadda ba ta barci muddin akwai wuta a soket. Kamfanin Dell na kiran tasa iDRAC, HP kuma iLO. Ta wannan ƙofar baya injiniya ke ganin abin da ke kan allo, ya danna makunni yana zaune a ɗakinsa. Inda babu ita, akan yi amfani da soket mai haɗe da intanet, a ɗauke wuta da gangan a dawo da ita. Maganin ƙarfi ne, domin duk aikin da ba a adana ba ya tafi ke nan.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta agogon gadi. Agogo ne da ke ƙirga daƙiƙoƙi, kuma dole manhaja ta riƙa leƙo shi tana mayar da ƙirgen farko, tamkar tana cewa "ina nan". Ta yi shiru har lokaci ya cika, sai ya tashe ta ba tare da neman izinin kowa ba. Kumbon Pathfinder na Amurka, wanda ya sauka duniyar Mas ranar 4 ga Yuli, 1997, ya yi ta kashe kansa yana tashi ta irin wannan hanya, saboda wani ƙaramin aiki ya riƙe abin da babban aiki ke jira. Injiniyoyi suka gano matsalar a kan kwafin kumbon da ke ɗakin gwajinsu, suka aika gyara ta rediyo.

Sai dai ƙofar baya ba ta da amfani idan hanya ɗaya ta haɗa ta da ta gaba. Yammacin 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kusan sa'o'i shida. A nan gida wasu har sun fara zargin datarsu. Umarni ɗaya da aka ba a lokacin gyara ya yanke layukan da ke haɗa cibiyoyin kamfanin da ya mallake su, ya tafi har da kayan aikin da injiniyoyi ke gyara da su daga nesa. Dole aka tura mutane da ƙafarsu, matakan tsaron ginin kuma suka ƙara musu jinkiri.

Abin da ya faru ranar 19 ga Yuli, 2024 ya fi muni. Gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage aiki. Da yawansu kwamfutocin kan tebur ne marasa ƙofar baya, kuma suna sake faɗuwa tun kafin su kama intanet. Ma'aikata suka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, suna goge fayil guda da hannu.