Awon yaro bai tsaya ga kilo ba

A ƙaramar hukumar Tagriss ta gundumar Dakwaro, jihar Maraɗi, manoma da makiyaya sun san tsirin awon damtse: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, sai likita. Binciken da ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka yi a Mirya tsakanin 2013 da 2014 ya nuna cewa iyaye mata, ko ba su yi boko ba, suna iya wannan awo kamar jami'an sa-kai na ƙauye. To uwar da ta iya karanta tsiri, me zai hana a koya mata lura da zaman ɗanta, da tafiyarsa, da maganarsa?

Likitoci suna duba ci gaban yaro ta fuska huɗu: motsin jiki, aikin ƴan yatsu, ji da magana, sai mu'amala da mutane. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bin diddigin yara 816 a Ghana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. An ga lafiyayyen yaro yana zama da kansa tsakanin kusan wata 4 da wata 9, yana tafiya ba riƙo tsakanin wata 8 da kusan wata 18. Kimanin 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe ba, tatata kawai suka fara. Saboda haka don ɗan maƙwabciya ya riga naki tafiya da wata uku, ba abin tashin hankali ba ne. Bakwaini kuma akan rage masa makonnin da bai cika a ciki ba kafin a yi masa lissafi.

Amma akwai iyaka. Yaron da ya cika wata 9 bai zauna ba, ko ya kai shekara ba ya gwaranci, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ya kamata a duba shi. Haka wanda ya kai wata 18 ba tafiya, ba kalma ko ɗaya, ba ya nuna abin da yake so da yatsa, da ɗan shekara 2 da ba ya haɗa kalma biyu irin «ba ni» ko «Inna zo». Wanda ya fi gaggawa shi ne yaron da ya iya abu sannan ya daina.

A gida akan ce nauyin ƙafa ne, ko nauyin baki ya gado wajen kawunsa. Wani lokaci haka ɗin ne. Sau da yawa kuwa akwai dalili: doguwar naƙuda da ta hana ƙwaƙwalwar jariri iska, shawara mai tsanani a makon haihuwa, tamowa da ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga, ko sanƙarau, wanda kan bar yaro da kurumta. Yaron da ba ya ji ba zai koyi magana ba, kuma a cikin hayaniyar gida ana iya shekara biyu ba a gane ba. Jin Hausa da Buzanci ko Fulatanci a gida ɗaya ba ya jawo jinkirin magana. Kiran yaro «ɗan ruwa» a ɓoye shi a ɗaki kuwa, shi ke cinye lokacin da za a taimake shi.

Matsalar ita ce iyaye da yawa suna yanke zuwa awo da zarar an gama allurar wata tara, ga kuma yaye da sabon ciki suna ɗauke hankalin uwa, alhali a shekara ta biyu ne jinkirin magana da tafiya ke fitowa fili. Gwajin ci gaban yaro kuwa ba ya buƙatar na'ura. A ɓoye cokali ƙarƙashin ƙwarya a ga ko yaron zai nema, a tafa hannu ta bayansa, a ce ya miƙo takalmi. A Malawi an tsara irin wannan gwaji da kayan ƙauye tun 2010. Jami'an da ke bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi a damina, suna ganin yara daga wata 3 zuwa 59, za su iya ƙara tambaya uku: yana tafiya? Yana magana? Yana ji?

Gwajin ba yanke hukunci ba ne, ishara ce kawai ta a duba da kyau. In an gano da wuri, abinci mai gina jiki, maganin ciwon kunne, motsa gaɓoɓi, da yawan hira da wasa da yaro suna kawo sauyi, domin a shekaru ukun farko ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa. Tun 2006 dokar Nijar ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Iyaye, maza da mata, ku ci gaba da kai yaro awo bayan yaye, kuma in kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku faɗa wa malamin asibiti tun bai tambaya ba.