Riba a Takarda, Aljihu Wayam

Ranar 15 ga Janairun 2018 aka wayi gari da labarin durƙushewar Carillion, kamfanin gine-gine na biyu a girma a Birtaniya, mai ma'aikata kusan 43,000. Da aka leƙa asusunsa, fam miliyan 29 kacal aka tarar, alhali nauyin da ke wuyansa ya doshi fam biliyan 7. Abin ɗaure kai shi ne, wata goma kafin nan kamfanin ya fitar da bayanan kuɗinsa na 2016 suna nuna riba, har aka raba wa masu hannun jari kasonsu. Riba daban, kuɗi a hannu daban, kuma rashin na biyun ne ya fi saurin rufe kamfani.

Idan shekarar kasuwanci ta ƙare, akanta yakan tattara rasiɗai da takardun banki, a shiga sito a ƙirga haja, a tantance wa ake bi, wa kuma ke bin kamfani. Daga nan ake fitar da manyan takardu uku. Ta farko tana jera abin da kamfani ya mallaka da bashin da ke kansa a rana guda, galibi 31 ga Disamba, abin da ya rage tsakaninsu shi ne rabon masu kamfanin. Ta biyu ita ce ta riba da asara. Ta uku tana bin sawun tsabar kuɗi ne kawai, inda suka shigo da inda suka tafi. A Nijeriya dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗora wa daraktoci alhakin shirya waɗannan takardu, kuma tun 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suke bin ƙa'idojin duniya na IFRS. A Nijar kuwa tsarin SYSCOHADA ake bi.

Lissafin ba baƙo ba ne ga duk ɗan kasuwar da ke fitar da zakka. Shi ma idan shekara ta zagayo yakan yi wa hajarsa ƙima, ya haɗa da kuɗin hannunsa da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya ware wanda ya fid da rai da shi.

To, ina gizo ke saƙar? A takardar riba. Ƙa'idar akanta ita ce, da zarar kaya sun bar hannunka an yi ciniki, ko an biya ko ba a biya ba. Wanda ya ba da tirela goma ta siminti bashi ya ci riba a rubuce tun ranar da aka yi lodi, amma da wannan ribar ba zai biya albashi ba, ba zai sayi dizal ba. Saboda haka ne bankuna da masu ba da kaya bashi suka fi damuwa da wata tambayar: idan masu bin bashi suka taso a bana, da me za a sallame su?

Amsar tana fitowa ne daga rabawa mai sauƙi. A ce ga kamfanin casar shinkafa a Kano. Yana da naira miliyan 10 a banki, yana bin diloli miliyan 30, ga shanshera da gyararriyar shinkafa ta miliyan 80 a sito. Jimillar abin da zai iya komawa kuɗi cikin shekara guda miliyan 120 ke nan. Gine-gine da injuna ba sa cikin wannan lissafi, don ba a sayar da injin casa a biya kuɗin wuta. A ɗaya ɓangaren, bashin da dole ya biya cikin shekarar, na manoma da banki da haraji, miliyan 80 ne. Raba 120 da 80, ka sami 1.5. Wato kowace naira ɗaya ta bashi tana da naira ɗaya da kobo 50 a bayanta. Ba laifi.

Yanzu cire kayan sito, tunda sai an sami mai saye, kuma farashi na iya karyewa idan sabuwar shinkafa ta shigo kasuwa. Saura miliyan 40 a gaban bashin miliyan 80, wato 0.5. Wannan shi ne ma'aunin gaggawa, kuma a ganina ya fi na farkon faɗin gaskiya. Idan aka ƙara tsanantawa aka ce kuɗin banki kaɗai za a duba, kobo 12 da rabi ne ke tsaye wa kowace naira. Kamfani ɗaya ne, rana ɗaya, amma fuska uku.

Tsofaffin littattafan koyon akanta sukan ce ma'aunin farko ya kai 2, na gaggawa ya kai 1. Kada a ɗauki wannan tamkar doka. Babban kantin da ke sayarwa kuɗi hannu, yana kuma karɓar kaya bashi daga masana'antu, zai iya zama ƙasa da 1 shekara da shekaru lafiya lau, domin kullum kuɗi na shigowa. Ɗan kwangilar da ke jiran gwamnati ta biya shi kuwa, ko ma'auninsa ya kai 3, yana iya kasa biyan leburori. Lamba mai yawa ma ba kullum take zama abin yabo ba. Wani lokaci alama ce ta hajar da ta yi kwantai, ko bashin da ya tsufa aka ƙi yarda ya mutu. Carillion ya cika takardunsa da kuɗaɗen kwangila da yake cewa za a biya shi, sai ga shi a Yulin 2017 ya zaftare fam miliyan 845 daga ƙimarsu a tashi ɗaya. Ya kuma riƙa sa ƙananan 'yan kwangilarsa jiran kwana 120 kafin ya biya su, abin da ya sa asusunsa ya yi kamar da kauri. Kamfanin KPMG da ya yi shekara 19 yana binciken littattafansa ya sha tarar fam miliyan 21 a 2023. A gida ma an gani: a 2006 aka gano an kumbura alƙaluman Cadbury Nigeria da kimanin naira biliyan 13. Sa hannun odita yana rage shakka, amma ba ya kawar da ita.

Akwai kuma kwalliyar ƙarshen shekara, wadda ba ta ma saɓa doka ba. Mai shinkafar nan, idan ya sayar da buhunan miliyan 40 a makon ƙarshe na Disamba ya rage bashi da kuɗin, lissafinsa zai koma 80 a kan 40. Ma'auni ya tashi daga 1.5 zuwa 2 ba tare da arzikinsa ya ƙaru da ko sisi ba, a Janairu kuma ya sake cika sito da kayan bashi. Shi ya sa mai shirin zuba jari ko ba da kaya bashi zai nemi takardun shekara uku ko fiye a jere, ya gwada su da na wasu kamfanoni masu irin sana'ar, ya karanta ƙarin bayanin da ke bayan takardun, inda ake rarraba basussuka gwargwadon daɗewarsu. Sannan ya ɗora ribar da aka bayyana kusa da tsabar kuɗin da cinikin ya kawo. Idan riba na hawa kowace shekara, kuɗin kuwa na ja da baya, sai ya tambayi daraktoci su wane ne suka riƙe kuɗin, kuma tun yaushe.