Shin Ko Kun San? Mitar Injin Iska Ba Ta Faɗin Duk Gaskiya

Shin ko kun san idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa? Shi ya sa kuskuren kashi 10 cikin ɗari wajen auna iska kan haifar da kuskuren kashi 33 a lissafin wutar da ake sa rai. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa: ta shige boris ɗin na'urar auna iska mai kofuna uku, juyinta ya yi nauyi, ta riƙa nuna gudun iska ƙasa da yadda yake.

Ko kun san mitar gida ba ta iya ƙirga wutar ƙaramin injin iska kai tsaye? Don wutar NEPA aka ƙera ta, mai kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Wutar injin kuwa sai yadda iska ta ga dama, yanzu ta hau, an jima ta faɗi. Dole sai an mai da ita irin ta batir kafin awo ya yi ma'ana.

Ga inda aka fi cutuwa. Injin iska ba kamar sola ba ne da za a cire wa waya a zauna lafiya. Idan aka bar shi ba lodi, gudu zai yi har fukafukansa su karye. Don haka da batir ya cika, sai a karkatar da rarar wutar zuwa wata waya irin ta hita, ta ƙone a zafi. Mitar da aka ɗaura a bakin batir ba ta ganin wannan. Mai injin ya duba allo, ya ce injin ba ya aiki, alhali aikinsa yake yi.

Ko kun san ƙa'idar gwaji ta duniya ta ce a karanta awo kowace daƙiƙa? Na'ura mai araha da ke leƙawa sau ɗaya a minti, guguwa ta zo ta wuce ba ta sani ba.

A unguwar Nkembo ta Libreville kuwa, na'urar sa ido ce kan zama nauyi. Birnin yana dab da layin ikwaita, iskarsa ba ƙarfi, kuma yawancin ƙananan injuna ba sa kawo wuta sai gudunta ya kai mita 3 a daƙiƙa. 'Yar kwamfutar sa ido mai cin wat 3 tana shan wat-awa 72 kullum, ko da iska ko babu. Ga kuma damshin teku da ke sa bakin waya tsatsa.

Injunan Lambar Rimi a Katsina guda 37 ne, kowanne kilowat 275, da kwamfutarsa. Na ƙauyen Sayya Gidan Gada a Sakkwato kilowat 5 ne, kuma masu irinsa su ne ke sayen mita da kansu. Kafin ku biya kuɗi, ku tambayi mai haɗawa: a ina zai ɗaura mitar, kuma wat nawa ita kanta take ci?