Minti 52 na jita da bes, da rigimar da ta biyo baya

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurari murya ba.

A makon jiya na ce muku ni da wani abokina mun naɗi kiɗa na kusan awa guda ba tare da mun tsara komai ba, sai saƙonni suka yi ta shigowa. Wani ya ce, "Malam, wannan ai hayaniya ce kawai." Wata kuma ta tambayi yadda mutum biyu za su yi kiɗa tare alhali babu wanda ya san inda ɗan'uwansa ya nufa. To yau zan yi bayani, har da inda na yi laifi, don saura ƙiris aikin nan ya raba ni da abokin da muka yi shekara tara tare.

Bari mu fara da kayan. Shi yana kaɗa jita mai tsirkiya shida, ni kuma bes, wato babbar yayar jita, mai tsirkiya huɗu masu kauri, muryarta can ƙasa. Tsirkiyar bes mafi kauri tana girgiza kimanin sau 41 a daƙiƙa, ta jita kuwa sau 82, ninki biyu ke nan. Shi ya sa idan kun kunna kiɗa a lasifikar waya kusan ba kwa jin bes, don ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka. A waƙoƙin da aka saba, aikin mai bes shi ne ya shimfiɗa tabarma, mai jita ya zauna a kai ya yi hira. A irin kiɗan da muka yi, babu wanda aka ɗora wa shimfiɗa. Bes na iya yin surutu, jita ta koma tana maimaita sauti ɗaya, ko a goga mata cokali ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofar langa-langa.

Ƙaga abu nan take ba baƙo ba ne a wurinmu, ai an san Mamman Shata da ƙaga waƙa a gaban jama'a. Amma shi yana da masu kalangu da 'yan amshi a bayansa suna riƙe masa hanya. Mu babu ganga, babu amshi, babu kalmomi. Hanyar ma a lokacin ake share ta.

Ranar wata Asabar da dare muka shiga ɗakin yayansa da kwamfuta ɗaya, kowa aka jona kayansa a layinsa daban. Ku riƙe wannan maganar ta layi daban, za mu dawo kanta. Sharaɗi biyu kawai muka yi: ba magana da baki, kuma ba tsayawa ko da an yi kuskure.

Minti goma na farko, wallahi kunya nake ji idan na saurara. Kowa yana nuna iyawarsa. Shi yana gudu a kan tsirkiya, ni ina bin sa a guje don kada a ce an bar ni a baya. Kamar mutum biyu ne a majalisa, kowa jira yake ɗan'uwansa ya ja numfashi ya cusa tasa. Kuma na lura duk wanda ya fara irin wannan kiɗa sai ya bi ta nan, domin hannu yana da abubuwan da ya haddace, kuma su yake fara zubarwa idan tsoro ya kama shi. Amfanin doguwar naɗa ke nan. A minti uku hadda ba ta ƙarewa. A minti ashirin kuwa ta ƙare, dole ka fara sauraron wanda ke gefenka.

A minti na 19 tsirkiyarsa guda ta saki, muryarta ta sauka. Na ga ya ɗago kai yana neman mu tsaya. Ni kuma, ban san dalili ba, sai na kama wannan karkataccen sautin na riƙe shi a bes, ina buga shi a hankali kamar ana daka a gidan maƙwabta. Ya yi shiru kusan rabin minti. Sannan ya ɗauki batir ɗin tocila ya shiga goga shi a kan tsirkiyoyin, sauti na zamewa sama da ƙasa. Minti goma sha ɗaya muka yi a wurin nan, kuma duk naɗar babu inda ya kai shi daɗi. Babu wanda zai iya cewa shi ya ƙirƙiro shi.

Wannan ya tuna min da labarin John McLaughlin, makaɗin jita ɗan Ingila. Bai daɗe da sauka a Amurka ba Miles Davis ya gayyace shi situdiyo a birnin New York, ranar 18 ga Fabrairun 1969, inda aka naɗi faifan In a Silent Way, Dave Holland yana kan bes. McLaughlin ya sha ba da labarin cewa Miles ya umarce shi ya kaɗa kamar wanda bai iya jita ba. Ya rage hannu, ya tsaya kusan a wuri ɗaya, kuma abin da aka saka a faifan ke nan. Gwani ne aka ce ya ajiye gwaninta ya buɗe kunne.

Shi kuma mai cewa hayaniya ce, ba zan ce ba shi da gaskiya sam ba. A garin Sheffield na Ingila, tsakanin 1963 da 1966, Derek Bailey mai jita da Gavin Bryars mai bes da Tony Oxley mai ganga sun yi ƙungiya mai suna Joseph Holbrooke, suna cikin na farko-farkon da suka saki duk wata ƙa'ida a ƙasar. Daga baya Bryars ya bar kiɗan nan take tsawon shekaru ya koma rubuta kiɗa a takarda, kuma cikin dalilansa akwai cewa wanda bai san abin da yake yi ba zai iya fakewa a ciki. Haka ne, ana fakewa. Ni dai ma'aunina guda ne: idan ɗaya ya canza, ɗayan ya ji? Idan za ka cire mai jita ka sa wani daban, bes ɗin bai canza ko kaɗan ba, to ba tare suka yi kiɗa ba, ɗaki kawai suka haɗa.

To yanzu ga laifina. Mun tashi da minti 52. Kwamfutar tawa ce, don haka na tafi da aikin gida. Dare uku ina yanka ina haɗawa ni kaɗai, na mayar da shi minti 21, na tura masa ta WhatsApp ina jiran yabo. Ya saurara, na ga alamar ya buɗe, bai ce komai ba. Kwana tara. Ranar da muka haɗu a wurin mai shayi na ce, "Mutumina, lafiya ka yi min shiru?" Ya ce, "Kai ma ka sani. Ka yanke ni ka bar kanka."

Na yi musu a wurin. Da na koma gida na buɗe aikin, sai jikina ya yi sanyi. Akwai wani wuri na minti shida da ya yi gudu a jita, na cire shi gaba ɗaya don a ganina nuna kai ne. Amma inda ni na yi nawa nuna kan, na bar shi, na rage muryar jitarsa a ƙarƙashi. Akwai kuskurena biyu da na goge daga layina, na bar nasa a fili. Ban zauna na ƙulla masa sharri ba. Kunne ne kawai yake son mai shi, kuma layi daban da muka yi ya ba ni damar taɓa shi ba tare da na taɓa kaina ba.

A cikin kwanakin ne na koma kan wata ƙungiya ta ƙasar Jamus da na daɗe ina saurara, don su ma sun yi fama da wannan tambaya ta wa ke riƙe da reza. Sunanta Can, an kafa ta a birnin Kolon a 1968. Mai bes ɗinsu Holger Czukay ya yi karatu a wurin Karlheinz Stockhausen, mai jitarsu Michael Karoli kuma ɗalibin Czukay ne a da, ya girme shi da shekara goma. Tsarinsu shi ne su yi ta kiɗa na awoyi ana naɗa a tef, sannan Czukay ya zauna ya yanka tef ɗin da hannu ya liƙa. Kiɗansu Yoo Doo Right da ke faifan Monster Movie na 1969 minti ashirin ne, ya cinye fuska guda ta faifan, kuma an ce daga zaman awa shida aka tsamo shi. Lokacin aikin Tago Mago na 1971, a wani tsohon gidan sarauta da ake kira Nörvenich kusa da Kolon, Czukay har yakan kunna na'ura a ɓoye ya naɗi abin da suke kaɗawa lokacin da suke zaton hutu ake yi.

Kun ga ke nan a can ma mai bes ne ke yanka, kamar ni. Amma ga bambancin. Har zuwa 1974 na'urarsu mai layi biyu ce kacal, hagu da dama, kowa da kowa a cakuɗe a ciki. Idan Czukay ya sa reza, ta ratsa jita da bes da ganga da murya lokaci guda. Ba shi da hanyar goge kuskurensa ya bar na Karoli. In wuri ya yi kyau, da kuskuren kowa zai shiga, in ya fita kowa ya fita. A 1975 suka samu na'ura mai layi 16, kuma Czukay da bakinsa ya nuna a hirarraki cewa wannan ci gaba ya taɓa haɗin kansu, don yanzu ana iya ware kowa a ji wanda ya yi kuskure. A 1977 ya bar ƙungiyar. Ban ce na'ura kaɗai ce ta jawo ba, amma da na karanta wannan sai na ga kaina tsirara.

Kada ku ɗauka yanka haramun ne. Ko faifan Miles da na ambata, mai haɗa shi Teo Macero ya ɗauki kimanin minti shida na farkon fuska ta ɗaya ya sake liƙa su a ƙarshenta, abu guda ka ji sau biyu, kuma hakan ne ya ba kiɗan siffar tafiya da dawowa. Yankan ma kiɗa ne, zama na biyu ne. Kuskurena shi ne zama na farko mun yi shi mu biyu, na biyun na yi shi ni kaɗai.

Na kira shi na ba shi haƙuri, ba kwana-kwana. Muka koma ɗakin yayansa, muka buɗe asalin minti 52, wanda Allah Ya taimake ni ban goge ba. Kafin mu taɓa komai muka haɗe layukan biyu suka zama ɗaya, muka mayar da kanmu zamanin Can da gangan. Duk inda za a yanka, sai mu biyu muna zaune, kuma yankan ya ratsa mu duka. Sannan kowa yana da wuri guda da zai ce ba a taɓa masa, ba sai ya kawo hujja ba. Wata dabara kuma da ta yi mana amfani: mun bar aikin ya kwana bakwai ba mu saurara ba, don washegarin naɗa abin da yatsunka suka yi kake tunawa, ba abin da ya fito ba.

Ya yi amfani da damarsa a kan minti shidan nan na gudu. Har yau ina ganin sun yi tsawo, shi kuma yana cewa ba don su ba, shirun da ya biyo baya ba zai yi nauyi ba. Na saurara sau da yawa, kuma wasu ranakun ina jin kamar ya fi ni gaskiya. Ni kuma na kare wani wuri da na zame daga sauti na dawo da kyar, wanda da farko na goge don kunya.

Mun tsaya a minti 34. Za mu ɗora shi ranar Juma'a da dare in Allah Ya kai mu. Don Allah ku sa abin sauraro a kunne, in ba haka ba rabin aikin, wato ni, ba za ku ji shi ba. Wurin da tsirkiyar ta saki yanzu yana wajen minti na 12. Kusa da ƙarshe kuma za ku ji an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, janaretan maƙwabta ya tashi, mu kuma muka bi muryarsa muka ƙarasa a kanta. Wannan babu wanda ya nemi a cire.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalam.